Hoto Shaida Ne Ko Kwalliya?

'Yan'uwana malamai da masu koyon aikin malanta, akwai wata magana da na ke so mu tattauna, ko da ya ke wani zai ce ba ta shafi alli da allo ba. Ni kuwa ina gani ta shafe su ƙwarai. Yau da wuya ka sami malami daga Nguru har Gashuwa wanda ba shi da waya mai kyamara a aljihunsa. Da ita mu ke ɗaukar hoton yara ranar rabon sakamako, da ita mu ke nuna wa aji tsuntsu da kifi da taswira, da ita kuma mu ke aika wa manya a Damaturu hoton rufin da iska ta yaye. Amma kaɗan ne cikinmu suka san cewa kafin hoton nan ya bayyana a fuskar waya, wata manhaja ta riga ta yanke masa hukunci, ta ce nan zai yi duhu, can zai yi haske. In ka duba kyamarar wayarka watakila za ka ga haruffa uku, HDR. To, ƙofar aikin ke nan. Ni dai rabon haske na ke kiransa, gama abin da manhajar ta ke yi ke nan.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, dabarar nan alheri ce gare mu, har ma mun fi waɗanda suka ƙago ta bukatarta. Amma malamin da ya sakar mata wuƙa da nama, bai san abin da ta ke yi ba, wata rana za ta ba da shaidar zur a madadinsa, shi kuwa ya sa hannu bai sani ba.

Bari mu fara da matsalar da aka ƙago ta dominta. Kowa ya san in ya fito daga rana tsaka ya shiga zaure, da farko ba ya ganin kome, sai ya yi sallama cikin duhu, can an jima fuskokin mutane su fara fitowa. Ƙwayar ido ce ta ke buɗewa, ido kuma ya ke sabawa da sabon wuri. Kafin ya gama sabawa da duhu sosai ya kan ɗauki wajen rabin sa'a. Dalili kuwa, bambancin hasken waje da na cikin zaure ba ƙarami ba ne, ya kan kai ninki dubu. Masu hoto ninki-ninki su ke ƙidaya haske, watau 2, 4, 8, 16, har in ka ninka sau goma ka sami 1,024. Kowane ninki hawa ɗaya ke nan. Ashe tsakanin ƙofar gida da cikin zaure akwai hawa goma.

Takarda fa? Farin takarda bai fi baƙin tawada haske da ninki ɗari ko ɗari biyu ba, watau hawa bakwai ko kusa da takwas. Hoto na yau da kullum kuma, irin wanda mu ke aika wa juna, matakai 256 kaɗai gare shi daga baƙi ƙirin zuwa fari fat a kowane launi. Ka ga ke nan an ba ka buhun gero an ce ka juye shi cikin ƙwarya ɗaya. Lalle wani abu zai zube. In kyamara ta bi hasken waje, mutanen zaure su zama baƙin dodo. In ta bi mutanen zaure, waje ya ƙone ya zama fari fat, ba itace ba sama.

Wannan matsala ta duniya duka ce, amma a ƙasarmu ta fi tsanani. Nguru da Gashuwa, waɗanda ke da wajen mil 40 tsakaninsu, duka suna kusa da digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu a shekara rana ta kan tsaya mana a tsakar ka sosai, a ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta. A Landan kuwa rana ba ta taɓa tsayawa haka ba, ko sau ɗaya. In rana tana tsakar ka, hula da rawani su kan jefa inuwa a kan idanu. Ga farin rairayi yana mayar da haske, ga ruwan tafkin Nguru da na kogin Yobe yana walƙiya kamar madubi, ga farar babbar riga, ga kuma fatarmu baƙa. Ba abin da ya fi wahalar da kyamara kamar baƙin mutum cikin farar riga da rana tsaka, mu kuwa haka mu ke fita ranar Salla da ranar ɗaurin aure.

Masu hoto sun daɗe suna fama da wannan abu. A wajen 1856 da 1857 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, ya ɗauki hotunan teku da suka ba mutane mamaki, gama sun ga igiyar ruwa sun kuma ga gajimare a hoto ɗaya. Dabararsa a waɗansunsu ita ce, ya ɗauki ruwa a gilashi ɗaya, sama a wani gilashi, sa'an nan ya haɗa su a takarda guda. A wajen 1940 wani Ba'amurke, Ansel Adams, da abokinsa Fred Archer suka kasa haske kashi goma sha ɗaya, daga baƙi zuwa fari, don mai hoto ya san tun kafin ya danna inda kowane abu zai faɗa. A ɗakin wanke hoto kuma sai mutum ya sa hannu ko guntun kwali ya tare haske a wani wuri, ya ƙara shi a wani. Duk wannan rabon haske ne, amma na hannu, mai yinsa kuma ya san abin da ya yi.

Da kwamfuta ta zo sai aikin ya koma lissafi. A 1997 Paul Debevec da Jitendra Malik, a Jami'ar Kalifoniya, suka nuna yadda za a ɗauki abu ɗaya sau da yawa, wani hoto mai duhu, wani matsakaici, wani mai haske, a haɗa su a fitar da ainihin ƙarfin hasken kowane ɗigo. A 2002 Erik Reinhard da abokan aikinsa suka fito da hanyar matse wannan haske mai yawa ya shiga allon kwamfuta, kuma daga tsarin Adams suka ɗauko tunanin. A 2003 manhajar Photomatix ta fito daga Faransa, a 2005 Photoshop ya sa dabarar haɗa hotunan cikin kayan aikinsa, a 2010 kamfanin Apple ya sa ta cikin iPhone. Yau kusan kowace sabuwar waya, in ka danna sau ɗaya, hotuna da yawa ta ke ɗauka cikin ƙiftawar ido, ta haɗa, ta raba haske, ta miƙo maka guda ɗaya. Kai ba ka ga sauran ba.

Yadda a ke rabon kuwa, malami ne zai fi kowa saurin ganewa, don ya yi kama da aikinmu. A ce ka yi jarrabawa mai maki dubu, amma takardar sakamako ba ta karɓar abin da ya wuce ɗari. Hanya ta farko, ka sa wa aji duka doka ɗaya: ka matse na sama, ka ɗan ɗaga na ƙasa, amma na ɗaya yana nan na ɗaya, na ƙarshe yana nan na ƙarshe. Hoton da aka yi haka ya kan fito da gaskiyarsa, sai dai wani lokaci ya yi sanyi-sanyi kamar tufan da ya koɗe. Hanya ta biyu, ka yi wa kowane benci nasa ma'auni, gwanin kowane benci ka ba shi casa'in. Takardar za ta yi kyan gani, kowane uba zai yi murna, amma gwanin bencin raggaye ya wuce na uku a bencin haziƙai. Haka manhaja ta ke yi in ta auna kowane yanki na hoto da maƙwabtansa kaɗai. Kome zai fito raɗau, amma bangon da ke cikin inuwa ya iya fin sararin sama haske, abin da ba ya yiwuwa a duniyar nan.

In an cika hannu akwai alamu da ko yaro zai iya koyon gane su. Za ka ga wani farin zobe ya kewaye goruba ko hasumiya inda ta haɗu da sama. Za ka ga sama ta yi baƙi kamar hadari ya haɗo, alhali tsakiyar rani ne. Kowace tsaga ta katangar ƙasa za ta fito kamar gidan zai faɗi gobe. Wurin da aka tsamo daga duhu zai yi tsaki-tsaki kamar an watsa yashi. In kuma abin yana motsi sa'ad da waya ke ɗaukar hotunanta, sai ka ga tsuntsun Dagona da fiffike huɗu, ko yaro da hannu uku.

Ban zo don in kushe ta ba. Alherinta a fili ya ke. Da ita ne za ka ɗauki dattijo cikin farar riga, ka ga aikin wuyan rigar ka kuma ga fuskarsa. Da ita ne masunci a cikin kwalekwale zai fito mutum sosai ko da ruwa yana walƙiya bayansa, ko a tafkin Nguru ko a wurin bikin kamun kifi na Bade a Gogaram. Da ita ne malamin kimiyya zai ɗauki ganye ko ƙwaro a inuwa ya nuna wa yara kome dalla-dalla. Mu tuna kuma, a shekarun 1950 kamfanin Kodak da hoton Baturiya ya ke ba masu wanke hoto su daidaita injinsu, saboda haka shekara da shekaru baƙar fata ba ta fita da kyau a hoto mai launi. Duk dabarar da ta sa fuskar ɗan Bade ko Bamange ko Bafillace ta fito yadda ta ke, ni ina maraba da ita.

Amma fa akwai wurare uku da na ke jin tsoronta, dukansu kuwa sun shafi aikinmu.

Na farko, cikin aji. Mun san akwai azuzuwa a ƙauyukanmu da aka toshe tagoginsu da kwano ko bulo, saboda iska ko saboda ɓarayi, har yaron da ke benci na baya ba ya ganin rubutun allo sai ya runtse ido. Malami ya ga haka, ya ce bari ya ɗauki hoto ya aika wa hukuma. Waya kuwa ba ta san nufinsa ba. Ita aikinta ta tsamo kome daga duhu. Sai hoto ya fito garau, ɗaki fes, allo yana ƙyalli. Jami'in da ke zaune a ofis ya duba ya ce, "Ai wannan aji ba shi da laifi," ya juya ga wata takarda. Malami bai yi ƙarya ba, jami'i bai yi zalunci ba, amma yaro ya ci gaba da zama cikin duhu. Abin da aka je nunawa, shi ne manhaja ta share.

Na biyu, ƙasarmu kanta. Hazon hunturu, wanda iska ke kwaso ƙurarsa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ya kan rufe gari har rana ta zama kamar farin faifai. A wurin manhaja wannan lahani ne da ya kamata a gyara, sai ta ƙara wa hoto kaifi, abokiyar aikinta mai gyaran launi kuma ta wanke jan ƙurar. Ba mu kaɗai abin ya taɓa sama ba. A watan Satumba na 1920 babu wanda zai yi wannan kuka, amma a watan Satumba na 2020, sa'ad da hayaƙin gobarar daji ya mayar da sararin birnin San Faransisko ja kamar garwashi, mutane da yawa sun yi ta ƙorafi cewa wayoyinsu sun ƙi nuna abin da idonsu ke gani. Haka nan dausayin Haɗeja da Nguru, wanda aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu daraja na duniya a 2000. Tun bayan da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwa ta sake, ciyawar kacala ta yi ta cin gonaki da hanyoyin ruwa da wuraren su. Manomi in ya dubi kacala baƙin ciki ya ke gani. Waya kuwa ta kan mayar da ita kore shar, sama shuɗiya, ruwa yana sheƙi, har baƙo ya ce ina ma a nan ya ke zaune. Ta ɗaya gefen kuma, wanda ya ɗauki hoton ambaliya irin wadda ta sami Gashuwa a 2022, in ya cika masa baƙin gajimare don ya ba da tsoro, ranar da aka gane ya yi ƙari ko gaskiyarsa ba za a karɓa ba.

Na uku, fuskar 'ya'yanmu. Waya ta kan nemi fuska a cikin hoto ta ƙara mata haske. In an yi da hankali, madalla. In aka wuce gona da iri, baƙar fata mai sheƙi sai ta koma toka-toka, ko ta yi fari fiye da yadda ta ke. Masu ƙera waya da kansu sun san da wannan. Masu yin Tecno sun daɗe suna tallar cewa sun daidaita kyamararsu don baƙar fata, kamfanin Google kuma a 2021 ya fito da wani gyara musamman saboda wannan matsala. Abin da ke damuna shi ne yarinya 'yar shekara goma sha huɗu wadda kullum ta ke ganin kanta a waya ta fi yadda ta ke a madubi fari. Yau da gobe sai ta fara jin madubi ne ke cutarta. Daga nan zuwa wurin mai sayar da man shafe-shafe ba nisa.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, "Malam, ai kowane hoto gyararre ne. Ido ma rabon haske ya ke yi. Hoton da ya mayar da mutum baƙin dodo a bakin zaure, shi ma ai ƙarya ne." Wannan magana gaskiya ce, ban kuwa ce a koma zamanin da ba. Babu hoton da ya ke daidai da duniya, tun da ƙwarya ba ta cin buhu. Amma akwai bambanci tsakanin mai awon da ya zaɓi abin da zai zuba da saninsa, da wanda aka zuba masa yana barci. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ma'aunin da na ke ba da shawara a riƙe shi ne wannan: in wanda ya tsaya a wurin ya dubi hoton ya ce, "I, haka na gani," to, an yi daidai. In ya ce, "Kai, ina ne nan?" an wuce iyaka. Manyan masu hoton jarida ma haka su ke yi. A gasar World Press Photo ta ƙasar Holan a 2015, ɗaya cikin kowane biyar na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe an fitar da shi saboda gyaran da ya wuce ƙa'ida, bayan alƙalai sun gwada shi da ainihin abin da kyamara ta ɗauka.

To, me ya kamata mu yi? Da farko, kafin ka danna, ka tambayi kanka hoton nan na mene ne. In na biki ne, yi kwalliyarka, ba mai hana ka. In na darasi ne, a yi gyara kaɗan don abin ya fito. In kuwa na shaida ne, wanda za a aika wa hukuma ko a ajiye don tarihi, to, a nan a ke taka-tsantsan. Ka nemi inda a ke kashe HDR a wayarka, ka ɗauki biyu, ɗaya da shi ɗaya babu. In wayarka ba ta da wurin kashewa, taɓa fuskarta ka ja hasken ƙasa har abin da ke ciki ya yi daidai da abin da idonka ke gani. Ka rubuta wuri da rana da sa'a, ka kuma faɗi da baki abin da hoto ba zai iya faɗa ba, misali cewa daga benci na shida ba a karanta allo da ƙarfe goma na safe. Ka ajiye na asali kada ka goge. In za ka aika ta WhatsApp, aika shi a matsayin takarda, domin in ka tura shi yadda aka saba a kan matse shi ya rage.

Kada kuma mu manta da dabarun da ba su bukatar manhaja. Hasken hantsi da na la'asar sun fi na rana tsaka taushi. Inuwar darbejiya ta fi kowane gyara. Farin zane in aka riƙe shi a gefe ya kan mayar da haske a fuskar mutum, a ga idonsa ƙarƙashin hula. Wanda ya rage bambancin haske tun a wurin ɗauka, bai bar wa waya wani babban hukunci ba.

Abu na ƙarshe, mu kai maganar cikin aji. Darasi ne mai sauƙi, ba ya cin ko kwabo. Tsai da yaro ɗaya a bakin ƙofa, rana tana bayansa. Ɗauki hoto uku: ɗaya ka taɓa waje, ɗaya ka taɓa fuskarsa, ɗaya ka bar waya ta yi rabonta. Sa'an nan ka tambayi aji wanne ne gaskiya, ka bar su su yi gardama. Cikin rabin sa'a sun taɓa lissafin ninki, sun taɓa aikin ido, sun kuma koyi abin da ya fi waɗannan duka, watau a tambayi hoto kamar yadda a ke tambayar mai kawo labari: wa ya aiko ka, me ka gani, me ka bari a baya?

Jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, an kafa Jihar Yobe a 1991, kuma duk wanda ke da tsohon hoto na waɗannan lokatai ya san darajarsa, don shi ne ke gaya mana yadda gari ya ke a da. Hotunan da ke cikin wayoyinmu yau su ne jikokinmu za su duba su san yadda aji ya ke, da inda ruwa ya kai, da inda rairayi ya tsaya, da kamannin kakanninsu. Magabata sun ce gani ya kori ji, amma sun faɗi haka ne sa'ad da ba kowa tsakanin ido da abin da ya gani. Yanzu an sami ɗan tsakani mai wayo. Mu yi aiki da shi, mu gode masa, amma mu riƙa bin sawunsa, mu kuma koya wa yaranmu su yi haka. Wanda ke da wani ra'ayi dabam cikin masu karatu, filin nan a buɗe ya ke, ina sauraro.